Shekarar da Garinmu Ya Yi Sallah Shi Kaɗai

Kun taso kuna jin tsofaffin garinmu suna kiran kakanku Malam Mai-Gajeren-Azumi, kuma na sha ganin yadda kuke sunkuyar da kai idan an faɗa. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa buɗe zancen ba. Na yi shekaru masu yawa ina karanta labarai a gidan rediyo, inda aka hore mu kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba, kada kuma mu rage abin da muka tabbatar. Da wannan horon zan rubuta muku abin da ya faru a shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina, Turawa suna mulki, ni kuma ina da shekara ashirin da 'yan kai.

Baba, Malam Yahuza, ba limami ba ne, ba kuma alƙali ba. Yana karantar da manya a zaure, yana noman gero da wake kamar kowa. Abin da aka san shi da shi a ƙasar Kabo shi ne duban wata. Duk ran ashirin da tara ga wata, kafin rana ta faɗi, sai ya hau dutsen da ke yammacin gari tare da Ladan Mamman, domin Liman ba ya karɓar ganin wata sai da shaidu biyu. Fiye da shekara talatin yana wannan hawa, ba a taɓa mayar masa da magana ba. Ma'auninsa hannunsa ne. Zai miƙe shi sosai, ya dunƙule, ya ɗora gindin dunƙulen a kan ufuƙi, wato layin da sama ta haɗu da ƙasa, ya ƙidaya: dunƙule ɗaya, dunƙule da yatsa biyu. Ya san inda rana ke faɗuwa a kowane lokaci na shekara, daga tsamiyar maƙabarta da rani zuwa giginyoyin bakin rafi da damina. Ya san ranar da taurarin nan Kaza da 'ya'yanta za su ɓuya da ranar da za su dawo. Idan wani ya zo da gudu ya ce ya ga wata, tambaya uku yake yi masa: tsayinsa nawa, ta wane gefen mafaɗar rana yake, ina ƙahonsa suka fuskanta. Mafi yawan masu gudun nan a tambaya ta biyu suke komawa gida.

Ni kuwa a lokacin malamin safiyo ne, ina bin wani Bature da mutane suka laƙaba wa Mai-Sarƙa saboda sarƙar da muke awon ƙasa da ita. Masaukinmu barikin Gwarzo, daga nan muke fita Getso, Kutama da ƙauyukan da ke tsakani. Ban da kayan aiki, Baturen yana da madubin hangen taurari nasa na kansa: bututun tagulla mai tsawon hannun babban mutum, a kan ƙafafu uku na katako. Ba inji a jikinsa, da hannu ake juya shi. Ya ga ina son abin, sai ya shiga koya mini, da Hausarsa da ya koya don cin jarrabawa, muna ƙirƙirar kalmomi tare inda babu. Tsakar ka ita ce wurin da ke saitin kanka. Tsayi shi ne nisan tauraro daga ufuƙi zuwa sama, ana karanta shi a wani zoben ƙarfe mai lambobi, daga sifiri a ƙasa zuwa digiri casa'in a tsakar ka. Na gwada na ga dunƙulen Baba ɗaya kusan digiri goma ne. Kewaye shi ne juyawar da za ka yi daga arewa ka bi ta gabas har ka kai saitin tauraron. Fage shi ne ɗan da'irar sama da kake gani idan ka sa ido, kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai faɗin farcen ɗan yatsa a ƙarshen miƙaƙƙen hannu ba. Ya nuna mini cewa komai a cikin bututun a kife yake fitowa, kuma duk tauraron da ka kama zai silale ya fice daga fage in ba ka bi shi da hannu ba. A bayan bututun akwai wani ɗan ƙaramin bututu da ake ɗaurawa da kusoshi biyu, muka sa masa suna jagora. Shi ke nuna maka fili mai faɗi, ka gane abin da ka saita tukuna.

"Jagora farko, Malam Habibu," haka yake cewa kullum. "Babban ido ba ya gaya maka sunan abin da ya kama."

Abu biyu ne ban taɓa gani a cikin madubin ba, kuma ku riƙe su, domin a kansu komai ya rataya. Ban taɓa ganin wata ba, saboda Baturen ba ya fito da madubin sai a daren duhu. Ya ce farin wata yana kashe taurari. Ban kuma taɓa ganin Zara ba, tauraruwar nan mai haske da ke fitowa yamma bayan faɗuwar rana, saboda kafin ya gama cin abincinsa ta faɗi.

A goman ƙarshe na azumi zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ɗauke shi zuwa Kano, aka bar mini mabuɗin ɗakin kaya. An sallame ni in je gida Sallah. Ba wanda ya ba ni izinin taɓa madubin. Da an kama ni da shi a hanya, sata za a kira abin, aiki ya tafi, wataƙila har da gidan yari. Amma ina so Baba ya ga cewa ilimin da na je nema ya kai nasa. Na bar akwatin madubin a bariki, na kwance jagoran na sa a aljihu don kada ya karye, na naɗe bututun da ƙafafun a tabarma, na ɗora a kan jaki. Na ƙetare rafin garinmu da safe ruwa iya gwiwa. A daren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya kawo, ya raba mu da duniya. Ɗan aiken da ke kawo labarin wata daga Kano ba shi da hanyar iso mu. Ladan Mamman kuma ya tafi kasuwa, ruwa ya tsare shi a Tsallake, ƙauyen da ke ɗaya gaɓar.

Inna ta ga na shigo da naɗin tabarma a kafaɗa, ta ja da baya.

"Kai Ɗan-safiyo, me ka naɗo mana haka kamar gawar yaro?"

"Kayan aiki ne, Inna."

"To ka kai shi bayan rumbu. Ba zai kwana mini a ɗaki ba."

Ran ashirin da tara Baba ya ce tun da Ladan ba ya nan, ni zan zama ido na biyu. Muka hau dutsen mu biyu, da butar ruwa da dabino, ni da naɗina. Bai tambaye ni ba sai da na kafa ƙafafun na ɗora bututun. Ya zagaya shi sau ɗaya, hannuwansa a baya.

"Wannan na Nasaran ne?"

"Nasa ne, Baba. Yana jawo abin da ke nesa."

"Ya san yana nan?"

Na sunkuya ina gyara ƙafafun. Shi kuma ya juya ya fuskanci giginyoyi.

Yammacin ba shi da kyau. Baƙin hadari ya kwanta a ufuƙi, sama da shi kuma siraran gajimare ja-ja, suna buɗewa suna rufewa. Ba iska, ba kukan tsuntsu, sai ƙarar rafi daga ƙasa, wadda in ka saurara da kyau kamar mutane da yawa ne suke magana a wani ɗaki. Muka ji kiran magariba daga bakin wanda ya maye gurbin Ladan, muka sha ruwa a tsaye. Na laluba aljihu na ji jagoran, na tuna kusoshin nan biyu masu wuyar ɗaurawa, na dubi hasken da ke ƙarewa, na ce a raina ba lokaci. Na sa ido a babban bututun na shiga share yamma da shi a hankali, daga dama zuwa hagu, in ɗaga kaɗan, in dawo. Ja, toka, ja, toka. Sai wani abu fari ya gifta. Na dawo da hannu, na murɗa saitin har ya fito tas. Jinjirin wata ne, siriri, fari fat, girmansa daidai yadda na saba ganin wata tun ina yaro, ƙahonsa biyu suna kallon ƙasa kamar an kife ƙwarya. Yana rawa kaɗan, yana silalewa zuwa bakin fage.

"Baba, ga shi!"

Bai motsa daga inda yake ba. Idonsa na kan wani wuri can ƙasa, dab da baƙin hadarin.

"Tsayinsa nawa?"

Na karanta zoben. "Digiri goma sha takwas. Dunƙule biyu ba kaɗan."

"Ta wane gefe?"

"Hagun mafaɗar rana."

"Watan daren farko ba ya hawa nan. Nan mazaunin Zara ne a kwanakin nan."

"Zara ɗigo ce, Baba. Wannan ƙaho biyu gare shi."

"Ina suka fuskanta?"

"Ƙasa. Amma madubin ne ke kife komai. A sama suna kallon sama."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya yi bisimilla, ya cire hularsa, ya sunkuya ya sa ido. Na riƙe bututun ina bin abin da hannu don kada ya fice masa. Ina jin numfashinsa. Ban taɓa ganin Baba yana tsoron wani abu na sama ba, amma da ya ɗago, fuskarsa ta canza. Nan take ya kwantar da kuncinsa a jikin tagullar ya bi tsawon bututun da ido, don ya ga wurin da idonsa na Allah. Abin da jagoran zai yi mana ke nan tun farko. Amma gajimare ya riga ya rufe. Muka jira har duhu, bai sake buɗewa ba.

Na ɓoye naɗin a wani kogo, muka sauko. Ƙofar masallaci cike take, Dagaci a kan buzu, Liman a gefensa, maza sun yi da'ira. Azumin ya zo da noma, mutane sun jigata, kowa bakin Baba yake kallo.

"Malam Yahuza, an dace?" in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, na ga ƙaho biyu a yamma."

"Wata ke nan."

"Ƙaho biyu na ce na gani. Wurin ne bai kwanta mini ba, ya yi sama."

"Malam, ƙaho biyu a sama daren talatin, in ba wata ba mene ne? Saniyar Dagaci ce ta hau?"

Aka yi dariya, har Dagacin. Liman ya juyo gare ni.

"Kai fa, Malam Habibu?"

"Na gan shi sarai, Allah gafarta Malam. Ba shakka."

Baba ya dube ni. Na san abin da yake jira: in faɗi da me muka gani, Liman ya yanke hukunci da cikakken sani. Na kawar da kai. Liman ya sake tambayarsa ko ya shaida, Baba ya ce abin da idonsa ya gani ba zai ce bai gani ba. Aka harba bindiga sau uku, aka buga ganga, mata suka yi guɗa, aka shiga auna zakkar fidda kai da fitila. Al'ada ce idan gari ya harba bindiga, maƙwabta su amsa da tasu. Na tsaya a tsakar gida ina saurare. Daga Tsallake ba abin da ya dawo sai ƙarar ruwa.

Filin idinmu a bakin rafi yake. Da hantsi muka fito cikin fararen kaya muka yi sahu. Da na ɗaga kai bayan sallama, sai na ga mutanen Tsallake a ɗaya gaɓar, cikin tsummokaran gona, da fartanya a kafaɗa. Sun jeru su ma, kusan yawanmu, ba mai motsi, ba mai ɗaga hannu. Ruwa ya hana a ji magana. Kamar mu ne muke kallon kanmu a wata rana dabam. A tsakiyarsu na gane Ladan Mamman da doguwar sandarsa. Ya ɗaga ta ya nuna yamma, sannan ya buɗe tafin hannunsa yana tambaya. Baba ya gan shi. Da muka koma gida Inna ta kawo tuwo da miyar taushe, ya sa hannu sau ɗaya don kada a ce bai ci abincin Sallah ba, ya ture kwanon.

"Malam, ko gishiri ya yi yawa?" in ji Inna.

"Abincin lafiya yake. Ranar ce ban sani ba."

Da yamma ya ce mu koma dutse. Sama ta washe kamar an wanke ta. Wannan karon na zauna na ɗaura jagoran da kusoshinsa biyu, na daidaita shi da kan giginya kamar yadda aka koya mini. Rana ta faɗi. Baba ne ya fara ganin jinjirin watan, can ƙasa inda ya zuba ido jiya, dunƙule ɗaya daga ufuƙi, siriri kamar zare.

"Ga watan daren farko," ya ce. "Jawo shi mu gani."

Na kama shi a jagora, na koma babban ido, na kusa faɗuwa da baya. Wani ƙaton abu ne ya kusa cika fagen baki ɗaya. Bakinsa mai haske duk tsage-tsage ne da ramuka kamar tsohuwar katanga, sauran jikinsa kuma ga shi nan a zagaye, launin toka, kamar fuskar mutum a ɗaki mai duhu. Abin da na gani jiya ko kusa bai kai wannan ba. Na ɗaga bututun zuwa hagu, inda Zara ke walƙiya ita kaɗai, ɗigo ɗaya mai haske. Na sa ta a tsakiyar jagora. Na karanta zoben: goma sha takwas ba kaɗan. Na sa ido. Ga watanmu na jiya, fari fat, a kife, yana silalewa.

Baba ya duba wannan, ya duba wancan, ya sake komawa. Ya ɗago ya kalli Zara da idonsa, ya sunkuya ya kalle ta a bututu, har sau uku.

"Shekara sittin ina gaishe ta," ya ce a hankali, "ashe ban san fuskarta ba."

Sannan ya sa hularsa. "Mun ciyar da gari a cikin Ramalana. Gobe bayan asuba za a faɗa."

"Baba, in aka ambaci madubin, labari zai kai Gwarzo."

"Na sani."

"Za su ce sata na yi."

"Ni zan faɗi nawa. Naka yana bakinka."

Da asuba Baba ya miƙe a masallaci ya ce abin da ya shaida shekaranjiya ba wata ba ne, Zara ce, kowa ya rama azumi ɗaya, alhakin a wuyansa. Masallaci ya ruɗe. Wani ya ce yaron goye ma ya san Zara. Wani ya ce tsufa ne. Wani daga baya ya ce a dinga tura makaho dutsen, aƙalla shi ba zai ga ƙaho ba. Liman ya tsawatar, ya nemo ni da ido.

"Malam Habibu, kai da ka ce ba shakka, yaya aka yi?"

Ina da kalmomin duka a bakina, fage da jagora da tsayi, da zan iya bayyana wa masallacin nan yadda mutum mai lafiyar ido zai ga ƙaho a jikin tauraruwa. Madubin yana kogo, tafiyar minti goma. Da yamma kowa zai iya gani da idonsa. Na ce:

"Na ga Baba ya nuna, sai na bi shi, Allah gafarta Malam."

Aka yi mini uzuri, aka ce ɗa ne mai biyayya. Daga wannan watan Liman ya naɗa wani ya riƙa hawa da Ladan. Ɗaliban zaure suka ragu, sunan nan na Mai-Gajeren-Azumi ya fito daga bakin yara ya koma bakin manya. Baba bai taɓa musantawa ba, bai kuma taɓa gaya wa Inna zancen madubin ba.

Da ruwa ya janye Baba ya raka ni bakin rafi, naɗin tabarmar a kan jaki. A nan ya ce:

"Ka tambayi Nasaran ko haka Zara take kullum, ko lokaci gare ta. Ka rubuto mini da ajami, a karanta wa Ladan da Liman. Wata rana wani zai sake hawa dutsen nan da irin wannan abu."

Na mayar da madubin akwatinsa kwana biyu kafin Baturen ya dawo. Na tambaye shi kamar daga wani littafi na ji. Ya yi murna ƙwarai, ya zana mini a takarda: Zara tana cika tana raguwa kamar wata, idan ta matso kusa da mu sai ta zama jinjiri, duk mai koyon madubi wannan ake fara nuna masa, mantuwa ce ta sa bai nuna mini ba. Na rubuta shi da ajami, shafi ɗaya, da tsabta. Sai na zauna na yi tunanin ranar da za a karanta shi a masallaci, da tambayar da Liman zai yi daga nan: to ku da me kuka ga ƙahon?

Da babbar Sallah na je gida, takardar tana aljihun rigata. Bayan an watse daga gaisuwa, muka rage mu biyu a zaure. Baba yana gyara alƙalami da wuƙa, bai ɗago ba.

"Ka tambayo?"

"Ban samu dama ba tukuna, Baba."

Ya tsayar da wuƙar. Ya dubi fuskata, ya dubi aljihun, inda kusurwar takardar ta ɗan leƙo.

"To," ya ce, ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa.

Ya yi shekara tara a duniya bayan wannan, bai sake tambayata ba.